Kusurwar ɗigon ruwan ayon ta ƙi tsayawa a kan gilashi

Ɗalibi, Ngaundare: Salamu alaikum malamai. Ina auna kusurwar da ɗigon [BMIM][BF4], wani ruwan ayon (gishiri ne da ke zama ruwa-ruwa a zafin ɗaki), ke yi a kan gilashi. Da na ɗiga sai ya yi tozo, bayan 'yan mintoci ya baje, gobe kuma wani adadin daban. Tunda ba ya tashi ya bi iska kamar ruwa, me ke motsa shi?

Malamin labo, Garwa: Wa alaikumus salam ƙanena. Shi ba ya tashi, amma yana sha. Wannan gishirin yana zuƙar laimar iska, ga ku cikin damina. Ruwa ya shiga, kaurinsa ya ragu, kusurwa ta sauya. Ka busar da shi a injin zuƙe iska, digiri 60 zuwa 70, awa 24 aƙalla, ka auna ragowar ruwan ta hanyar Karl Fischer, sannan ka ɗiga cikin rufaffen akwati da ƙwayoyin silika masu shanye laima. Kada ka bar shi da laima cikin zafi: ɓangaren BF4 ɗinsa yakan ruɓe ya fitar da asid ɗin HF, mai cin gilashin kansa.

Malama, Marwa: Gaskiyar Malam ce, sai dai bajewar farko ba laifin laima ba ce. Kaurin ruwan ayon ɗin ya ninka na ruwa kusan sau 100 a digiri 25, dole ya ja jiki kafin ya zauna. Ɗigo kada ya wuce maikrolita 2 ko 3, in ya fi haka nauyi zai danne shi. Ɗauki hoto kowane daƙiƙa 30 har adadin ya tsaya. Ka rubuta zafin ɗakin. Awon Afrilu a nan, da zafi ke haura digiri 40, ba ɗaya yake da naku ba.

Injiniya, Injamena: Ni gilashin nake zargi, ɗan'uwa. Ƙarfin fatar wannan ruwan, wato ƙarfin da ke dunƙule ɗigo, wajen 44 mN/m ne, na ruwan sha 72, don haka a kan gilashi mai tsafta ya kamata ya kwanta sosai. In ya yi tozo, akwai maiƙo. Shatin yatsa ɗaya ya isa. Wanke da asiton, sai itanol, sai tataccen ruwa, a busar da naitrojin, a ɗiga nan take. Lokacin hazo kuwa ƙura na riƙe bakin ɗigo, gefe guda ya fi ɗaya tsayi. Auna hagu da dama, a wurare biyar.

Malama, Marwa: Na manta: gwada ruwa zalla a kan robar Teflon tukuna. In bai ba ka kusurwa wajen digiri 110 ba, duba saitin kyamararka.