Wa ya rubuta mana tarihin su Sardauna?

Nura: Assalamu alaikum 'yan gida. Makon jiya na tsinci littafin John Paden kan Sardauna wurin masu tsofaffin littattafai a kasuwar Terminus ta Jos, shafi sama da 700. Zan faɗi abin da zai ɓata wa wasu rai: littattafan shugabannin Jamhuriya ta Farko duk kirari ne aka yi wa bango. Baƙi suka rubuta, kuma abokan mutanen ne.

Anti Binta: "Duk" kuma? Nawa ka karanta, ɗana?

Nura: Anti, ki duba. Na Tafawa Ɓalewa, Trevor Clark ya rubuta, tsohon jami'in mulkin mallaka da ya yi aiki a Bauchi, amininsa. Na Malam Aminu Kano, Alan Feinstein, likitan haƙori daga Amurka, shi ma abokinsa. My Life na 1962 kuwa Sardauna ne da bakinsa. Wa zai ce miyar gidansu ba daɗi?

Yaya Sani: Ƙanena, ka haɗa zakkar raƙumi da ta akuya. Paden ya zauna a Kano, ya koyar a jami'o'inmu, kamfanin Hudahuda na Zariya ya buga littafin a 1986, kuma cike yake da hirarrakin waɗanda suka yi aiki da Firimiya. Shi kuma Clark, a wurinsa za ka karanta ƙudurin da Malam Abubakar ya gabatar a majalisar Kaduna a Agustan 1950, yana neman a gyara tsarin En'e. A gaban Turawa da manyan En'e fa. Maroƙi zai tono maka wannan? Ni ɗalibaina da yawa sun ɗauka mutumin bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, sai da na karanta musu wurin.

Nura: Wannan ma ai yabo ne, Yaya. Jarumta aka nuna.

Kawu Iliya: Ku dakata. Jikata ce ke rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. Nura yana da gaskiya, amma ba inda ya nufa ba. Ni ban damu da farar fatar marubuci ba. Mahaifinmu tela ne a nan Jos, ɗan NEPU, jam'iyyar adawa ta su Malam Aminu Kano, tun farkonta a 1950. Ya je ganin dangi a ƙauye, aka kama shi don ya yi magana a taro, alƙali ya ba shi wata uku. Da ya dawo keken ɗinkinsa mun sayar mun ci. A wane shafi wannan yake? Irinsa ɗaruruwa ne. Littattafanku sun san wanda ya hau mota, ba su san wanda ya tura ta ba.

Anti Binta: Allah ya jiƙan Baba. Yaya Iliya, ka ƙara da mata. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka, kuma matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ko sau ɗaya ba a Jamhuriya ta Farko, sai a ƙarshen shekarun 1970. A manyan littattafan nan layi nawa aka ba wannan?

Yaya Sani: Na yarda akwai giɓi. Rikicin ƙasar Tibi na 1960 da 1964 ma, in ka saurari maƙwabtanmu da iyayensu suka bi Joseph Tarka a jam'iyyar adawa ta UMBC, labarin daban yake fitowa. Amma giɓi daban, ƙarya daban. Kuma laifin wa? Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo suna nan a Kaduna, ga Arewa House, gidan Sardauna ne aka mai da wurin bincike. Waƙar Sa'adu Zungur kan jamhuriya ko mulukiya da Hausa take, waƙoƙin Mudi Sipikin ma haka. Muhawarar da iyayenmu suka yi da harshensu ba ta ɓace ba, mu ne ba ma zuwa.

Nura: To Alhaji Tanko Yakasai ya rubuta nasa, ɗan NEPU ne. Shi ma da Turanci.

Yaya Sani: Ka ga ka rushe "duk" ɗinka da kanka.

Nura: Na janye "duk", ban janye "kirari" ba. Kowane littafi in ya kai 15 ga Janairun 1966, ranar juyin mulki, sai alƙalami ya koma makoki, kuma ba a yi wa mamaci hisabi a wurin ta'aziyya.

Anti Binta: Kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa aka yi, Nura. Me kake so marubuci ya yi, guɗa?

Kawu Iliya: Ranar Baba ya yi kuka, shi da aka ɗaure a zamanin mulkinsu. Ya ce adawa muke yi, ba jini muke nema ba. Nura, ka zo Asabar bayan la'asar da littafin naka, ka karanta mini abin da ya ce kan NEPU in ji. Ka taho da goro, fari.