Yaya aka yi 'yan dokan En'e suka ɓace?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Kakana ɗan doka ne a En'e ta Kano, wato hukumar gargajiya ta sarki, har ya rasu bai yarda a kira shi ɗan sandan Nijeriya ba. Bayan hoto ɗaya da kulkinsa ba abin da ya rage mana. Don Allah masana, ina asalin 'yan doka, kuma wa ya rushe su?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, ɗana. Tushensu dogarai ne, masu tsaron sarki da kamo mai laifi tun kafin zuwan Turawa. Bature ya bar wa sarakuna wannan aiki, daga baya aka ɗinka musu kaki, aka koya musu fareti, albashinsu na fitowa daga baitulmali. Kada ka haɗa su da 'yan sandan gwamnati na Arewa, waɗanda aka haɗe da na Kudu a 1930. 'Yan doka na sarki ne. Bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka yanke shawarar rushe su, a zamanin Gowon aka shigar da waɗanda suka cancanta cikin rundunar 'yan sandan tarayya.

'Yar Sawaba:
Malam, a faɗi dalilin ma. A shekarun 1950 da su ake kama 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU a kai gaban alƙali, wani don ya yi lacca kawai. Mahaifina ya sha ɗauri a hannunsu, har yau abin na ci mini rai.

Ɗan Birni:
Allah ya jiƙansa, Hajiya. Amma Kaka kan ce ɓarawo bai isa ya kwana a unguwa ba, don sun san kowa da gidan ubansa. Malam, a ina ake horar da su?