Baba na da tabon hanta: mu sayi tukunyar oksijin ko mu yi gwaji?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu ya daɗe da ciwon hanta nau'in B, kullum yana shan maganin tenofovir. Watan jiya likita ya ce hantar ta yi tabo, a riƙa kawo shi hoton ciki da gwajin jini na AFP (wani furotin da kan hau idan akwai kansar hanta) duk wata shida. Ƙanena ya karanta cewa ƙarancin oksijin ke sa kansar hanta ta bunƙasa, ya dage sai mun sayo tukunyar oksijin mun ajiye wa Baba a ɗaki. Kuɗin da ke hannunmu na gwajin ne. Don Allah ku ba ni shawara.

Wata likita: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Abin da ƙanenki ya karanta gaskiya ne, sai dai ƙarancin a cikin ƙarin kansar yake, ba a huhu ba. Idan ƙari ya yi saurin girma, jijiyoyin da ke ciyar da shi ba sa iya cim masa, sai tsakiyarsa ta rasa iska. Akwai wani furotin, HIF-1 alfa, wanda jiki ke rusawa nan take muddin akwai oksijin. Da iska ta yi ƙasa sai ya taru, ya sa ƙwayoyin kansar su fitar da wani furotin mai suna VEGF don tsiro da sabbin jijiyoyin jini, su koma zuƙar sukari, su kuma sami ƙarfin kutsawa cikin babbar jijiyar da ke kawo jini daga hanji. Masana kimiyya Kaelin da Ratcliffe da Semenza sun ci kyautar Nobel a 2019 kan gano yadda ƙwayoyin jiki ke jin ƙarancin oksijin. Sabbin jijiyoyin nan karkatattu ne masu yoyo, iskar tukunya ba za ta gyara su ba. Balle ma ba a ce an ga ƙari a jikin Baba ba. Ku yi gwajin.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Kada ku tsaya kan AFP kaɗai. Na sha ganin takarda ta fito lafiya lau, hoto kuma ya nuna ƙari. Wani lokacin kuma yakan hau don kumburin hanta kawai. Shi ya sa ake haɗa su biyun. In da hali, ku tambayi likita gwajin PIVKA-II, shi ma gwajin jini ne na neman alamar kansar hanta. Auna HIF ko VEGF a jini don gano kansa da wuri, har yanzu bincike ake.

Wata uwa: 'Yata, ki duba rumbunku. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar aflatoksin, mai ciwon B kuwa ita ce babbar abokiyar gabarsa. Ni da hannuna nake tsince baƙaƙen ƙwayoyi kafin a kai niƙa. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba ma a daina ba shi. Ku kuma 'ya'yansa duk ku je a gwada ku, wanda ba ya ɗauke da ƙwayar cutar hanta ta B ya yi allurar rigakafi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na tura wa ƙanena, ya amince. Ranar Litinin za mu kai Baba hoto in sha Allahu, mu biyar ɗin kuma za mu ba da jini.