Musayar waƙa: Tomas Beket, Babban Bishop na Kantabari (shugaban cocin Ingila), da Sarki Henri na Ingila

Ɗan Kurmi:
Tomas Beket, ɗan fataken Landan,
Henri na Biyu ya ba shi aiki,
Ya zam waziri, ana farauta,
Da shi da sarki a bayan doki.
A 1162 ya hau Kantabari,
Ya mai da hatimin waziri, abin mamaki!

Hajiyar Damagaram:
Sunansa butulu, ya Ɗan Kurmi,
Ka ci tuwon mutum ka yi mai tsaki?
Ba mamaki kana yabon sa,
Bashin gorona ka hana, ina kirki?

Na-Gwale: Hajiya ta gama da shi! A kawo ruwa a yayyafa masa.

Ɗan Kurmi:
Bishop ba bawan fada ba ne, Hajiya,
A taron Kilarandon ya ja da sarki:
Malamin coci mai laifi, coci ke hukunta shi,
Kotun fada ba ta da hakki.
Ya tsere Faransa shekara shida,
Ke ko kwana ba kya yi ba ɗaki.

Malam Arula: Ɗan Kurmi, ɗangonka mai 1162 gurgu ne. Furta shi da baki: dubu da ɗari da sittin da biyu. Wane kari ne zai ɗauki wannan kaya? Kuma "hakki" da "ɗaki" dai an lallaɓa.

Ɗan Kurmi: Malam, shekara uku kana auna na mutane, baitinka ko ɗaya ba mu gani ba.

Malam Arula: Ma'auni ba ya sayar da hatsi, yaro.

Na-Gwale: Malam ya fi ka gaskiya. Ƙafar ta karye tun daga Landan.

Baba Agadasawa: Sai yanzu na samu caji, ku yi haƙuri.
Kuna ta musu kan gaɓa da kari,
Jaruman Henri huɗu sun ja wa Beket takobi,
Ƙarshen Disamba, 1170,
Cikin coci suka sare shi.
Paparoma ya sa shi a waliyyai,
Henri ya zo kabari ba takalmi,
Sufaye na zuba masa bulala.

Malam Arula: Baba, da girmanka, ina amsa-amo? Takobi, shi, takalmi, bulala!

Hajiyar Damagaram:
Baba ka bar su, sarkin Ingila
Ya tuɓe riga ya sha dukan jiki,
Ɗan Kurmi ko kunya ba ya ji,
Kuɗin gorona nake jira, ba baki.