Yaya ake tsare jakar kyamara daga ɓarayi ana tsaka da ɗaukar hoto?

Sabon_Hannu

Assalamu alaikum, manyanmu a sana'a. Shawara nake nema. Aikin biki nake yi a Kano, kamu da wuni da dina, wani lokacin kuma hawan Sallah. Kayana kyamara ɗaya, lensi uku (24-70, 70-200 da 50), filashi, batir huɗu da memori, duk a jakar goyo guda. In na goya ta nauyi ya hana ni durƙusawa, ga shi ban san abin da ake yi a bayana ba. In na ajiye ta kuma hankalina ya rabu biyu. Ban kai ƙarfin ɗaukar yaro ba tukuna. Wani ya ce in jefa AirTag, 'yar na'urar nan ta Apple mai nuna inda kaya suke, a ciki shi ke nan. Hakan ya wadatar?

Tsohon_Mai_Hoto

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bar zancen AirTag tukuna, wannan maganin bayan an yi sata ne. Fara da rage abin da ke cikin jakar.

Duk abin da za ka taɓa a lokacin aiki ya koma jikinka. Kyamara da 24-70 a wuya. Lensi na biyu a 'yar jakar ɗamara, ka juyo da ita gaban ƙugunka, kada ta zauna a baya. Batir biyu a aljihun gaba na wando. Ita 70-200 mai f/2.8, wato mai faɗin ƙofar haske, nauyinta ya kai wajen kilo ɗaya da rabi, kuma a ɗakin kamu mai cunkoso ba ka da tazarar da za ka yi aiki da ita. Ran da ka san ba za ka buƙace ta ba, ta kwana a gida. Abin da bai fito ba ba a sace shi.

Abin da ya fi komai: memorin da ya cika kada ya koma jaka, ko na minti ɗaya. Ka sa shi a ɗan gidansa, ka ɗaura gidan da zare a madaukin bel, ka tura aljihu. Lensi ana sayen wani, amma ba wanda zai sake yi maka ɗaurin aure don ka sake ɗauka. In kyamararka mai ramin memori biyu ce, irin Nikon D750, Canon R6 ko Sony A7 III, ka saita ta tana rubutawa a duka biyun, in an tashi ka zare ɗaya ka raba shi da kyamarar kafin ka fita titi.

Sauran kayan da dole a ajiye, a ɗaure su. Nemi kebul na ƙarfe mai rufin roba, irin na kulle keke amma siriri, kauri milimita 4 zuwa 5, tsawo kamar mita ɗaya da rabi, da ɗan kwaɗo. Zura shi ta hannun jaka na sama da ta madaurin kafaɗa duka biyu, sannan ka bi da shi ta zoben zif. Masu ɗaura shi a hannun sama kaɗai suna yaudarar kansu, don hannun nan yadi ne, reza ɗaya ta gama da shi.

Inda ake ɗaurawa shi ne inda aka fi yin kuskure. Kujerar roba ba ta riƙe komai, da ita za a ɗauka. Ƙafar tebur kuwa ɗaga teburin kawai za a yi a zare kebul ta ƙasa, sai fa in akwai ƙarfen da ya haɗa ƙafafun biyu, shi za ka kewaya. Ƙafar rumfar haya ma haka, ba a kafe take ba. Ƙarfen taga, ginshiƙi, ko ƙarfen matakala, su ne abin nema. Kuma wurin ya zama wanda kake fuskanta in kana ɗaukar amarya da ango, nesa da ƙofar fita da hanyar masu rabon abinci.

Kada ka dogara da “Malam, don Allah ka ɗan duba mini.” Mai sauti yana kan na'urarsa. Ɗan biki kuwa, da an kira liƙi zai miƙe. Shi ɓarawon ma ado yake yi kamar kowa, ya zo ya ce mai hoto ne ya aiko shi, a miƙa masa da hannu biyu. In har ka ba wani ajiya, faɗa masa a fili: ba ni da ɗan aike, ni kaɗai zan karɓa.

Anti_Mai_Kyamara

Baba ya gama magana kan zauren biki. Ni a kan cunkoso zan ƙara, tunda ka ambaci hawan Sallah, don can babu ƙarfen tagar da za ka ɗaura komai.

A wuri irin Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe, jakar goyo a gaba ake rataya ta, a ƙirji. Ba ta da kyan gani, amma ɗan sane a baya yake aiki. Lokutan da ya fi so su ne sanda 'yan bindiga suka saki wuta, ko dawakai suka taho a guje jama'a suka ja baya a tare. A lokacin kowa na jin ana ture shi, ba za ka bambance turi da hannu a zif ba. In kana shirin canza jaka, nemi wadda ake buɗewa ta ɓangaren da ke manne da bayanka, irin Flipside na Lowepro. Muddin tana jikinka ba a kai ga babban aljihun.

Wadda kake da ita yanzu ma ana iya gyara ta da kuɗi kaɗan. Haɗa kawunan zif biyun da zoben makulli ko 'yar ƙugiya mai murɗawa, ka sauke su can ƙasa gefe guda, kada su tsaya a tsakiyar sama inda hannu ke kaiwa cikin sauƙi. Amma ka sani kwaɗo a kan zif ba kariya ba ce sosai: zif ɗin roba, ana caka masa bakin biro ya dare, a kwashe kaya, a ja kawunan su rufe kamar ba a taɓa ba. Abin da ya fi shi aiki shi ne rigar ruwan jakar. Ka lulluɓa ta ko da rani ne, duk zif ya ɓuya, kuma ƙura ba ta shiga.

In ka sauke jaka don canza lensi, sa ƙafarka ɗaya cikin madaurin kafin ka buɗe. Ka saba da shi har ya zama jiki. In kana aiki da ƙafa-uku, wato abin kafa kyamara, rataya jakar a ƙugiyar da ke ƙarƙashin sandar tsakiya, ta zama a gabanka kuma ta ƙara wa kyamara tsayuwa.

Wata dabara da mutane ba su cika sani ba: ana iya cire lensi daga kyamarar da ke rataye a gefenka. Danna maɓallin saki ne da ɗan murɗawa, daƙiƙa biyu. Saboda haka in ba ɗauka kake yi ba, tafin hannunka ya zauna a kan lensin.

Sannan madaurin nan mai ɗauke da sunan Canon ko Nikon da manyan haruffa, canza shi da baƙi mara rubutu. Ba zai ruɗi ƙwararren ɓarawo ba, amma yana rage masu waiwayowa.

Injiniya_Fagge

Ɗan'uwa, kan AirTag ɗin. Ba shi da GPS. Siginar Bluetooth yake fitarwa, sai wata iPhone ta wuce kusa da shi sannan ta aika wurin da yake. A babban ɗakin taro ko unguwar masu hali za ka samu, amma a lungun da kowa ke riƙe da Tecno, Infinix da Itel yana iya yin shiru na tsawon lokaci. Kai ma sai kana da iPhone ko iPad za ka saita shi. SmartTag na Samsung haka yake, da wayoyin Galaxy ya dogara. Akwai kuma masu aiki da tsarin Google da aka buɗe a 2024, irin Chipolo da Pebblebee, waɗanda ke amfani da wayoyin Android na kusa.

Wani abin lura: an ƙera AirTag yadda zai tona kansa, don kada a riƙa bibiyar mutane da shi. In ya daɗe rabe da mai shi yakan yi ƙara, wayar wanda ke tafe da shi ma tana iya sanar da shi. Kenan sa'o'in farko su ne naka. Kada ka rataya shi a zif. Tura shi ƙarƙashin soson da ke raba ɗakunan jakar, ko ka farke shafin ciki ka sa ka ɗinke. Batirinsa CR2032 ne, yana kai wajen shekara, ka duba shi kafin kowace Sallah. Kuma mafi yawan ɓarayi juye kaya suke yi su yar da jaka, sai ka bi sigina ka tarar da fanko. Ko ya nuna maka gida, kada ka tafi kai kaɗai, tafi da 'yan sanda.

Abin da zai fi yi maka amfani kyauta ne. Yau ɗin nan ka ɗauki hoton lambar siriyal ta kowane abu: ta kyamara tana ƙasanta, ta lensi tana jikinsa ko kusa da gindin da ke shiga kyamara. Haɗa da rasit, ka tura wa kanka a imel. Da su za ka kai rahoto ofishin 'yan sanda, da su za ka zagaya wa masu sayar da kayan hoto na hannu da masu gyara, da zaurukan WhatsApp na masu hoto. Yawancin Canon da Nikon suna rubuta lambar a cikin bayanan kowane hoto, don haka tsofaffin hotunanka na asali ma shaida ne cewa kyamarar taka ce.

Sabon_Hannu

Allah Ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura biyu, Baba: lokacin sallah fa, da kuma hanyar komawa gida da dare?

Tsohon_Mai_Hoto

A masallaci kada ka bar ta wajen takalma ko bayan sahu. Shiga da ita, ka ajiye a gabanka tsakanin ƙafafunka da wurin sujada, ko ka nemi sahun da ke jikin bango. Wajen alwala ka goya ta a baya ka ɗaure igiyar ƙirji, kada ka ɗora a kan dakali.

A adaidaita sahu zauna a tsakiya in da hali, jaka a kan cinya, madauri a naɗe a hannu, kyamara a ciki ba a wuya ba. Masu fizge daga kan babur gefen titi suke bi. In dina za ta kai dare, yi ciniki da ɗan adaidaitan da ka sani tun da rana ya zo ya ɗauke ka. In mota ce, ka sa kaya a but tun daga gida. Wanda ya buɗe but a filin ajiye motoci ya zuba kaya ya kulle, ya nuna wa kowa inda suke. Da rana ma mota ba wurin ajiya ba ce, zafin cikinta yana lalata batir.

In kuwa aka tare ka da makami, miƙa jakar, kada ka ja. Memorin yana aljihunka, lambobin suna imel.