Ƙululun saiwar gawo: in ci gaba da tono ko in shuka a leda?

Ɗalibar Gona: Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe, aikin bincikena shi ne fitar da bakteriyar raizobiya, wadda ke samar wa shuka naitirojin daga iska, daga ƙululun saiwar gawo, in rene ta a farantin ɗakin gwaji. Wata 3 ya rage mini. Jiya ni da ƙanena muka yini muna tono a gindin wani tsohon gawo, ko ƙululu ɗaya ba mu gani ba. In ci gaba, ko in ɗebo ƙasar gindin in shuka iri a leda in jira?

Abu Hanif: Ki sayi NoduMax, garin raizobiya na cibiyar binciken noma ta IITA, ki huta. Bara na cuɗa wa waken suya, ya yi kyau.

Ɗalibar Gona: Yaya, ai wannan na waken suya ne. Na gawo ake so, kuma wanda na fitar da hannuna.

Tsohon Lab: 'Yata, ajiye gatarin. Saiwar tsohon gawo ta nutse neman ruwa, da wuya ki samu a sama. Ki kankare bawon irin, ki shuka a ƙasar, bayan sati 6 zuwa 8 ki zare. Ki fasa ƙululu ɗaya da farce: in cikinsa ja-ja ne kamar nama, yana aiki. Sauran ki tsoma a sifirit, sannan ruwan bilic, ki ɗauraye sau 6 da ruwan da aka dafa a tukunyar furesha, ki murƙushe, ki ja a kan agar, wato daskararren abincin renon bakteriya, mai sukarin manitol da yis, zafi digiri 28. Na gawo yawanci mai jinkirin girma ne, yakan kai mako kafin ya nuna. Abin da ya cika faranti washegari, ya shanye jan Congo red, rinin da ake sa wa agar ɗin, baƙo ne, ba raizobiya ba.

Garba Injiniya: Mako ɗaya da wace wutar? Ni na yi na bagaruwa. Faranti 40 na zuba da kuɗin da mahaifiyata ta sayar da tumakinta biyu. Aka ɗauke wuta kwana 4, aka ce mu haɗa kuɗin dizal, muka haɗa, ba a tada injin ba. Ranar da na buɗe, funfuna ce baƙa da kore, har da gashi. Malamina ko kallo bai yi ba, ya ce ban iya tsafta ba. Na maimaita shekara. Har yau in na ji warin yis sai raina ya ɓaci.

Maman Ilham: Allah ya mayar da alheri. Nawa ka sayi agar ɗin? Ni 45,000 aka ce mini a Kano.

Garba Injiniya: 120,000, Hajiya. Na 45,000 ki duba kwanan wata tukuna.

Abu Hanif: An dai yanke ka.

Tsohon Lab: Garba, ba don in tsokane ka ba, a zafin ɗakinmu ma bakteriyar tana fitowa ba tare da na'urar ɗumamawa ba. Funfuna daga hannu ko iska take shiga.

Garba Injiniya: Ga shi nan! Maganar ku ɗaya. Ku da kuke riƙe da makullin sito ba ku taɓa laifi ba.

Baba Na Matamaye: Ku yara kuna ba ni dariya. Akuyata tana cin 'ya'yan gawo ta kasayar, ya tsiro, ba ta nemi dizal ba. Gero a gindin gawo kuwa tun kakanninmu mun san ya fi, don da damina yake zubar da ganye.

Maman Ilham: To Baba, a ba akuyar digiri.

Baba Na Matamaye: A ba ta. A da a ƙasar Damagaram wa ya isa ya sa wa gawo gatari? Yanzu ka kwana da itacenka, ka tashi an sassare rassa an kai wa dabbobi.

Abu Hanif: Mu kirya ce ta ƙare. Masu gawayi da dare suke zuwa da injin yanka, buhu-buhu a bakin titi, kowa yana gani.

Ɗalibar Gona: Don Allah, ƙasar daga zurfin nawa zan ɗebo?

Garba Injiniya: Gawayin ma nawa buhu yanzu a wajenku?