Yini ɗaya a Napoli da ƙafa: wane lungu za mu bi, a ina za mu ci piza?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum jama'a. Ni ɗalibi ne a Rum, shekarata ta biyu ke nan. Kawuna ya zo wani taro, ya kuma ce lallai kafin ya koma Kano sai ya ga Napoli da idonsa, tun da ya sha kallon garin a talabijin lokacin da Osimhen ke buga musu ƙwallo. Asabar za mu shigo da jirgin ƙasa na safe, mu juya da daddare.

Matsalata biyu ce. Kawu ba ya son wuraren da 'yan yawon buɗe ido ke cincirindo, ya ce shi lunguna yake so, inda mutanen gari ke shanya kayansu. Amma ya ba sittin baya, kuma gwiwarsa ta hagu tana ɗan yi masa gardama. Na biyu, abinci. Kowa na cewa Napoli ce gidan piza, to wacce musulmi zai ci hankalinsa kwance? Kuɗinmu ba su da yawa, na faɗa tun yanzu.

Bazazzagin Montesanto:

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka gaishe min da Kawu, ka ce ya yi zaɓi na masu hankali. Shekara takwas ina unguwar Montesanto, kuma shawarata ɗaya ce: kada ku hau, ku sauko.

Napoli a jikin tudu take. Unguwar Vomero na sama, tsohon gari da bakin teku na ƙasa, tsakaninsu kuma matattakala sama da 200 ce, wasu a fili, wasu sai ɗan gari ya nuna maka. Da kun sauka a babbar tasha, ku shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 2, tasha ta biyu ita ce Montesanto. Kuna fitowa za ku ga tashar jirgin igiya, wato ɗan jirgin da igiyar ƙarfe ke ja ya hau tudu. Tun 1891 yake aiki. Ku sauka a tasha ta ƙarshe, Morghen, ku taka kamar minti goma zuwa gindin ganuwar Sant'Elmo.

Akwai fili a nan, gaban tsohon gidan ibadar fada-fada na San Martino. Ku tsaya ku huta. Garin gaba ɗaya yana ƙarƙashin ƙafarku, ga dutsen Vesuvio can gefe, ga teku. Ka sa Kawu ya duba wani siririn titi da ya tsaga tsohon gari gida biyu kamar an yanka kankana, shi ne Spaccanapoli. Ranar da na fara tsayawa a wurin, ba abin da ya zo min a rai sai kan Dala da la'asar, sai dai a nan akwai ruwa.

Daga bakin filin matattakalar Pedamentina take farawa. Taki 414 ne, kuma tun ƙarni na 14 aka yi ta, da ita aka riƙa hawa da kayan ginin gidan ibadar. Kada adadin ya tsorata ku. Takin faffaɗa ne, ba mai tsayi ba, tana tafiya tana lanƙwasa kamar maciji, ga wurin tsayawa a kowace kwana. Abin da ya sa nake sonta shi ne mutane na zaune a jikinta. Ƙofar gida tana buɗewa kai tsaye kan matattakala, mota ba ta zuwa, duk cefane da tukunyar gas a hannu ake hawa da su. Akwai wata tsohuwa da nake wucewa ta ƙofarta, ta jera tukwanen fure a kan taki huɗu, kyanwoyinta uku kwance a rana. Ba ta taɓa tambayar sunana ba, amma kullum sai ta ɗaga hannu. Za ku ga itacen lemun tsami ya leƙo ta kan katanga, za ku ga kwando ɗaure da igiya ana zuro shi daga bene kamar guga, mai burodi ya saka, a janye.

Gaskiya ɗaya: daga sama akwai fasassun kwalabe, aikin samarin da ke hira a filin da dare. Kawu ya sa takalmi rufaffe, ba silifa ba. In an yi ruwa kuma ku fasa, dutsen santsi yake yi.

A ƙasa za ku faɗo titin Corso Vittorio Emanuele. In gwiwa ta fara magana, akwai tashar jirgin igiyar a kan titin, ku shige. In da sauran ƙarfi, ku tsallaka ku bi matattakalar Montesanto, za ta zube ku kusa da kasuwar Pignasecca, wurin masu kifi da kayan miya.

To a nan za ku ci. Ni ba na kai baƙo wurin da ake bin layin awa guda. A bakin kasuwar akwai shaguna masu ɗan akwatin gilashi a ƙofa, ana sayar da ƙaramar piza da suke kira portafoglio, wato alabe, don ninke ta ake yi gida huɗu a cikin takarda a miƙo maka. Makon jiya Yuro biyu na saya. A tsaye ake ci, ka sunkuya gaba, in ba haka ba tumatir ya sauka a gaban riga. Ni ya taɓa yi min a kan farar shadda ranar Idi.

In kuna son zama, ku nemi wurin da kuka ga tanderun itace daga ƙofa. Zafin wutar kan haura digiri 450, piza ba ta wuce minti ɗaya da rabi a ciki. Bakinta ya kumbura da ɗigon ƙuna, tsakiyarta laushi. Kada Kawu ya ce ba ta gasu ba, haka take. Bakano zai gane ta nan take, 'yar'uwar gurasa ce aka yi mata kwalliya. Kowa tasa guda, ba a yanka ba, ga wuƙa ga cokali mai yatsu.

Maman Ilham (Caserta):

Malam Bazazzagi ya gama magana a kan hanya, amma ya tsallake abin da yaron nan ya fi tambaya. Ɗana, riƙe sunaye biyu kawai. Margherita: tumatir, farin cuku, ganyen ɗoɗɗoya, man zaitun. Marinara: tumatir, tafarnuwa, wani busasshen ganye mai ƙamshi da man zaitun, ba cuku, ba kuma kifi duk da sunanta. Ƙullun pizar Napoli ta asali fulawa ce da ruwa da gishiri da yis, shi ke nan.

Pizar diavola da capricciosa kuwa, dukansu akwai naman alade a ciki. Wadda ta fi yaudara ita ce soyayyar piza. Watana na farko a ƙasar nan na saya a wani shago, na ga farin cuku ne a ciki, na kai baki, sai wata 'yar Senegal da ke bayana ta riƙe min hannu. Ashe ana zuba mata ƙananan soyayyun gutsattsarin alade, cicoli. Na tsaya da ita a hannu kamar in yi kuka, ga yunwa. Haka taralli, waɗannan zagayayyun masu barkono da ake sayarwa ko'ina, da kitsen alade ake kwaɓa su. Ka koyi faɗin "senza maiale", wato ban da alade, kuma in kayan fulawa ne ka tambaya ko akwai "strutto", shi ne kitsen. Ba sa jin haushi.

In kun zauna a tebur, za ka ga an ƙara wani ɗan kuɗi a takarda, coperto. Kuɗin zama ne, ba cuta ba ce, kada ka yi rigima.

Ɗan Zangon Kumasi:

Ni dai matattakalar Petraio ta fi min Pedamentina. Ta fi tsafta, ta fi shiru, gidajenta fenti kala-kala, kuma teku na gabanka har ka sauka wajen unguwar Chiaia. Amma ta fi tsawo, ga dattijo. Ku ajiye ta sai wani zuwan.

Daga Pignasecca unguwar Quartieri Spagnoli ba nisa, can ne babban hoton Maradona yake a bango. Ƙungiyar ƙwallon Napoli ta ɗauki kofin Serie A a 2023 bayan shekara 33, har yau in suka ji kai ɗan Najeriya ne sai sun ambaci Osimhen. Ni da nake ɗan Ghana ma na daina gyara musu. Ka kula da 'yan babur a lungunan, ba sa rage gudu, kuma waya ta zauna a aljihun gaba. Akwai masallaci a Piazza Mercato, ba nisa da babbar tasha, ku yi salla kafin ku hau jirgi.

Bazazzagin Montesanto:

Hajiya ta kama ni, na karɓi gyara. Ni da na saba, margherita kawai bakina ya iya faɗa, shi ya sa na manta. Amma Ɗan Zango, Petraio ta masu kuɗi ce, Kawu shanya ya ce yana son gani.

Ɗan Fagge:

Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa Kawu duka. Ya yi dariyar farar shaddar, ya ce shi ma babbar riga ya yi niyyar sawa, yanzu ya fasa. Yana tambaya, Yaya Bazazzagi, ko tanderun nasu ana barin mutum ya matsa ya leƙa? Wai mahaifiyarsu gurasa take yi a Jakara, yana so ya ga yadda suke juya ta.